Yaron da ya san dala, bai san tamma ba

A wani ƙauye na gundumar Azarori, cikin ƙasar Madawa, akwai wani manomi. Da damina yana noman hatsi da wake, da rani ya sauka fadama ya yi albasa. Yana da ƴan bisashe, awaki da tumaki. Ɗansa na fari, wanda ba ya faɗin sunansa don kunya, sai dai ya ce "yaron nan", ya shekara 3 yana zuwa lakwal.

Ran nan da hantsi yaron ya komo gida, ya rataye jakarsa ga danga, ya ce: "Baba, ni na bar lakwal. A ba ni awaki in yi kiwo."

Uban bai yi faɗa ba. Ya buɗe jakar, ya ɗauko littafin karatu, ya ce a karanta masa. Yaron ya kama rerawa da faransanci tiryan-tiryan kamar waƙa. Uban ya sa yatsa bisa kalma ɗaya a tsakiyar layi, ya ce: "Wannan fa?" Shiru. Ya nuna wata, nan ma shiru. Ashe hadda ce kawai. Mushe kuwa ya riga ya aiko da saƙo cewa kan yaron da tauri, musamman wajen lissafi.

Maganar lissafin ita ta hana uban barci, don ya san abin da ya gani da idonsa. Bara, a kasuwar Madawa, ya sayar da albasa buhu 4, kowane buhu jika 15, dillali zai cire dala 100 ga kowane buhu. Dillali na cikin latsa wayarsa, yaron ya ce: "Baba, saura jika 58." Haka kuwa aka samu. To, yaya wanda ya yi wannan zai kasa lissafin aji na uku?

Ku ɗauki ƙwandalar da aka rubuta wa 100 ku duba. A kasuwa sunanta dala ashirin. A lakwal sunanta tamma ɗari, kuma da faransanci ake faɗi. Yaron ya shekara 3 yana ganin lissafi biyu, na gida da na aji, ba wanda ya taɓa gaya masa da Hausa cewa dala ɗaya tamma 5 ce, kuma lissafin duka ɗaya ne. Da uban ya gaya masa, sai ya yi tsit, can ya ce: "Shi ke nan?"

Manomin ya san wannan ciwo, don shi ma ya ɗanɗana. Yana ƙarami an sa shi lakwal. A zamaninsu akwai wani guntun icce da ake kira sambol. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Tamajak a aji, sai a rataya masa, wanda ya wuni da shi kuma ya sha bulala. Shi dabarar da ya samo ita ce ya rufe bakinsa. Ya rufe shi shekara 2, sannan ya gudu. Ya girma yana ganin kansa daƙiƙi.

Sai da ya yi aure aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyensu. Ya shiga don kunyar maigari. Malamin ajin ya rubuta "gona" bisa allo, ya tambaye su abin da kowa ya shuka bana, aka yi ta gardama kan iri, sannan ya raba kalmar biyu: go, na. Gobe "rijiya", jibi "hatsi". Kafin ruwan farko ya sauka mutumin na karanta wasiƙa. Ƙwaƙwalwar dai ita ce wadda ta kasa a lakwal. Wannan aiki na koya wa manya karatu da harshensu ya daɗe a Nijar. An soma shi a 1963, kuma a 1966 masana suka taru a Bamako suka daidaita baƙaƙen da za a riƙa rubuta Hausa da Tamajak da Fulatanci da sauransu.

Yana da maƙwabci, Ba'abzine daga cikin Kel Geres, waɗanda ke da yawa a ƙasar Azarori. Da ya kai masa kuka, maƙwabcin ya shafe ƙasa da tafin hannu, ya zana ƴan ɗigo da da'ira da layuka. Ya ce wannan tifinag ce, rubutunsu na kaka da kakanni, kuma mahaifiyarsa ta koya masa a bakin bukka. Da sunansa ta soma, sannan sunan raƙuminsu. In ya yi kuskure a shafe a sake, ba wanda ya gani, ba takardar da ta ɓaci. Manomin ya tuna kuma da makarantar allo, inda kowane yaro ke da allonsa, ba ya wankewa sai ya iya, babba kuma ya biya wa ƙarami. A can ma akwai bulala, amma ba a ja yaro gaba don kawai shekara ta ƙare.

Sai ya haɗa abin da ya gani wuri uku. Ya ba yaron awakin kamar yadda ya roƙa, bisa sharaɗi ɗaya: kullum bayan sallar isha'i za su zauna a tsakar gida da tocila. Ƙasa ce allonsu, tsinke ne alƙalami. Da "akuya" suka soma, sai sunayen da yaron ya sa wa awakinsa, sai "Baba", sai "Inna". Ba sa barin kalma sai ta zauna. Wani dare kalma 3, wani dare ko ɗaya, don wanda ya wuni a daji barci yake so, uban ma da ya wuni ban ruwa haka. Uwar yaron ta ce: "Malam, ka bar shi ya huta, ai ba kowa ne zai zama mushe ba." Ya ce mata ba mushe yake nema ba, so yake kada a sa yaron nan dangwala yatsa ga takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Bayan wata 2 suka tafi kasuwa bisa amalanke. A bakin gari yaron ya ɗaga kai ya dubi allon hanya, ya karanta da ƙarfi: "Ma-da-o-u-a. Baba, wane gari ne wannan?" Uban ya yi dariya har hawaye. Ya ce Madawa ce, haka Faransawa suka rubuta ta, don su sai sun haɗa baƙi biyu kafin su sami "u". Yaron ya yi tunani, ya ce to ke nan Buza ma da "ou" take. Lalle kuwa haka take. Ranar ya koyi ƙa'idar faransanci ta farko da ya gane, kuma da Hausa ya kamo ta.

Abin da wannan manomi ya gano a tsakar gidansa, gwamnati ta gwada shi tun da daɗewa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke soma karatu da Hausa. A 1974 aka kafa INDRAP a Yamai, ma'aikatar da ke tsara littattafan makaranta. Daga baya gwajin ya kai harsuna 5: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barebari. A shekarun farko yaro na koyon karatu da rubutu da lissafi da harshen da ya tashi da shi, faransanci na shigowa sannu-sannu ta baki, har ya karɓi ragamar aji a manyan azuzuwa. Da aka auna yaran waɗannan makarantu da na sauran, an tarar sun fi gane abin da suke karantawa, kuma ko a faransancin ba a bar su baya ba.

Amma gwajin ya daɗe yana gwaji. Makarantun ƴan kaɗan ne, littattafai ba su isa ba, wani lokaci a horar da mushe da Hausa sannan a tura shi inda ba a jin ta. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan ƙasa tare da faransanci. A watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Daga takardar doka zuwa rumfar kara ta ƙauye akwai tafiya, ana bukatar littafi da malamin da aka koya wa aikin.

Akwai kuma wata hanya da aka yi domin irin yaron nan, waɗanda suka bar lakwal ko ba su taɓa shiga ba, masu shekara 8 zuwa 12. Aji ne na wata 9, kamar gada. Wata 2 na farko da harshen gida, sauran 7 da faransanci, sannan a mayar da yaro lakwal ya shiga aji na uku ko na huɗu gwargwadon ƙoƙarinsa. A Mali aka soma shi a 2004, ya iso Nijar a 2007. Manomin ya ji labarinsa, amma babu irinsa a ƙauyensu, don haka ya kama hannun yaron suka tafi wurin mushe.

Ya tafi da niyyar faɗa, ya komo da tausayi. Ya tarar da saurayi ɗaya da yara fiye da 70 cikin rumfa, littafi ɗaya na yawo tsakanin yara 5. Mushen ya ba yaron alli, yaron ya rubuta "akuyata ta haihu jiya". Mushen ya daɗe yana kallo. Ya ce: "Baba, na yarda. Amma dubi ajin nan. Wasu da Hausa suka tashi, wasu da Tamajak, ni kuwa Tamajak ko gaisuwa ban iya ba. Da wanne zan soma?" Manomin bai da amsa. Gaskiya ne yawancin yaran Abzinawa na nan suna jin Hausa saboda kasuwa da bakin rijiya, amma jin harshe a kasuwa daban yake da wanda uwa ta yi maka rarrashi da shi. In aka ce Hausa kawai, ɗan maƙwabcinsa zai iya shiga halin da nasa ɗan ya fito. Suka tsaya kan cewa manyan yara masu harshe biyu su riƙa fassara wa ƙanana, kamar yadda ake biyawa a makarantar allo.

Yaron ya koma aji na uku. Awakin an haɗa su da garken wani makiyayi, ana biya da hatsi, kuma lokacin cirar albasa uban ya rasa hannu ɗaya a fadama. Wannan hasara ce, ya kuwa ji ta.

Ƙanwar yaron za ta shiga lakwal a watan Oktoba. Manomin ya kai magana gaban kwamitin iyayen yara, ya roƙi a rubuta wa hukumar ilimi ta Madawa a nemi a soma aji na farko da harshen gida. Wani dattijo ya miƙe ya ce Hausa sun iya ta tun a zanen goyo, faransanci suka tura yara nema, don da shi ake samun aikin albashi. Mutane da dama suka gyaɗa kai. Maƙwabcin nan Ba'abzine ya ce shi ya yarda, in za a sa Tamajak cikin takardar. Maigari ya ce a bar maganar sai an gama kai albasa kasuwa, kowa ya zo da matarsa, a sake zama.