ABIN DA SARTSE YA KOYA MINI GAME DA GUGAR BAKIN KATAKO

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana akawuna da malamai abin da ya same ni, ko wani ya ƙaru. Maganar ƙarama ce, ta katakon da mata su ke yanka nama da albasa a kansa, amma ni ta jawo mini kunya mai yawa.

Ni akawu ne. Sa'ad da na ke makarantar mishan an ɗan nuna mana aikin kafinta, saboda haka na ɗauka na iya. Da bikin ƙanwata ya matso, na sayi falankin maɗaci na yanka shi shida da zarto, domin ta riƙe biyu, ta raba wa dangin miji huɗu. Na goge fuskokinsu har suka yi sumul, bakin kuwa na ɗan shafa masa samfefa na ce ya isa. Ba a yi mako biyu ba sai ga labari, wai sartse ya shiga yatsan uwar mijinta, ya kumbura ya yi ruwa, har sai da aka tsaga a asibiti. Kwana goma tsohuwar ba ta riƙe muciya ba. Ba wanda ya ce mini uffan, amma ƙanwata ta sha gori a gidan da ba ta ko saba da shi ba tukuna.

Sai na tattara katakan na kai wa wani tsohon kafinta a unguwarmu. Ya shafa bakin ɗaya da babban yatsa, ya dube ni, ya ce, "Malam, ido ka yi wa aiki, ka manta da hannu. Ai ta baki a ke ɗaukarsa." Sa'an nan ya zaunar da ni ya nuna mini hanya shida.

Na fari, kada a riƙe samfefa da yatsu kawai, gama yatsa taushi gare shi, ya kan ci wani wuri ya bar wani. A naɗe ta a jikin guntun katako mai shimfiɗaɗɗen ciki.

Na biyu, a jera katakan a tsaye kamar littattafai a kan kanta, a daidaita bakinsu, a ɗaure tamau da igiyar roba. Bakin shidan ya zama fili ɗaya ke nan, hannu ba ya karkata, shafa guda kuwa ta ci dukansu, su fito girma ɗaya.

Na uku, a zazzana fensir a kan bakin duka kafin a fara. Inda zanen ya rage, nan ne kwari. Kadan ya ɓace sarai, a tsaya, ƙarin guga ɓarnar lokaci ce.

Na huɗu, a duba lambar da ke bayan samfefa. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. A fara da 80, sa'an nan 120, da 180, a ƙare da 220, ana sake zanen fensir kowane karo. Kowace lamba aikinta share ƙarcen wadda ta gabace ta, don haka wanda ya tsallaka daga 80 zuwa 220 zai gaji bai share kome ba. A dogon gefe a bi tsawon jijiyar itacen. Gajeren gefe, watau inda zarto ya ratsa jijiyar, ya fi gardama, sai an ƙara masa haƙuri.

Na biyar, a kwance su, a kashe kaifin kusurwa, domin daga nan ne sartse ya kan tashi. A karkata guntun katakon nan a shafa ana ƙirga. Kadan an yi goma a kusurwar fari, a yi goma a kowace.

Na shida, a shafe su da jiƙaƙƙen tsumma a bari su bushe. Za a ji sun sake yin kaushi, gama ruwa ya ta da gashin itacen. A kwantar da shi da 220. In ba a yi haka ba, wankin farko a gidan amarya shi zai ta da shi. Daga nan a bi bakin da auduga, inda ta maƙale akwai sauran aiki. A ƙarshe a shafa farin man farafin na kantin magani, irin wanda a ke sha, ba kananzir ba. Man gyada ya kan yi wari in ya daɗe. A yi aikin a waje, a rufe hanci saboda ƙura.

Na fara da la'asar, kafin rana ta faɗi na gama shidan, alhali da fari yini guda na ɓata a kansu ɗaya ɗaya. Akwai injin guga yanzu, amma wanda ba shi da shi hannunsa ya ishe shi. Hanyar nan kuwa ta yi daidai da allon yara, tun da shi ma ta baki su ke riƙe shi, sai malamai su lura.

Da kaina na mayar wa tsohuwar nata. Ta shafa bakin da yatsan nan da aka tsaga, ta kai ta komo, ta ce, "To, yanzu ka yi." Jama'a, rigakafi ya fi magani. Shi ke nan, a huta lafiya.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.