Tayar da Ta Sa Motata Ƙarya

Corolla ce 'yar Kwatano, shekara shida ina tari kafin in saye ta. Da damina ta kankama, cikinta ya riƙa gugar ƙasa a layinmu na Maraɗi. Mai faci ya ce, "Malam, sa mata taya mai tsayi ka huta." Aka cire 195/65 R15 da ta zo da su, aka sa 205/70 R15. Mota ta ɗaga, hankalina ya kwanta.

Ranar da muka tafi biki Damagaram, maiɗakina da yara biyu suna baya, ƙanena yana gaba yana ƙirga duwatsun kilomita na bakin hanya don kashe lokaci. Can sai ya ce, "Yaya, mun yi kilomita ashirin, agogonka ya rubuta sha tara." Na yi masa dariya. Muka sake ƙirgawa, haka dai.

Da muka dawo na samu wani tsohon bakanike, ya zana mini abin a ƙasa. Allurar gudu ba ta ganin hanya, juyin taya kawai take ƙirgawa. Lambar tsakiya, 65 ko 70, ita ke nuna tsayin gefen taya, kashi nawa ne na faɗinta. Tsohuwar tayata takan ci kusan mita 2 a juyi ɗaya, sabuwar kuwa mita 2.1. Mota ba ta san an yi canji ba, tana nan kan lissafin da aka sa mata a masana'anta. Wato duk gudun da allura ta nuna, na gaske ya ƙaru da kashi 5 cikin 100 a kan na da. Juyen baƙin mai ma, da nake bin agogo in yi, ashe a makare nake yinsa.

Abin ya dame ni. Kowace safiya nakan rufe shirina da roƙon direbobi su dubi allura su rage gudu. Ga shi na ɗauki 'ya'yana a kan hanyar da shanu ke tsallakawa ba sallama, ina gaskata allurar da ni da kaina na ɓata.

Ban cire tayoyin ba, don kuɗinsu ba su dawowa kuma ramukan layinmu suna nan. Na dai manna 'yar takarda kusa da sitiyari: 100 yanzu 105 ne. A buɗaɗɗiyar hanya ba na bari allura ta wuce 85. Idan waɗannan suka cinye, lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba zan saya.