Yini guda da Binta, daga Piwoyi zuwa Ushafa

Wannan makon ba maganar magani na zo muku da ita ba, yawo na je, kuma da dalili.

Ni da Binta ɗaki ɗaya muka zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ni ina fannin harhaɗa magunguna, ita tana koyon zane, kullum gefen hijabinta da ɗigon fenti. Yau duk muna Abuja, ita a Lugbe ni a Kubwa, amma sai da muka shekara huɗu ba mu sa juna a ido ba. Da mahaifiyarta ta rasu bara, a waya na yi mata ta'aziyya, na ce ina nan tafe, ban je ba. Matar nan ta sha aiko mana da dambun nama da yaji har makaranta. Da kunya ta ishe ni na kira Binta na ce ta zaɓi duk inda take so mu yini ranar Asabar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ki zo da mota da takalmi marar tsini. Kallon zane za ki raka ni."

Mun fara da gidan zane na Nike da ke Piwoyi, a kan hanyar filin jirgin sama. Mai gidan, Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi ce ta Jihar Kogi, an haife ta a 1951, kuma da rini da saƙa ta taso a hannun matan gidansu. Tana da irin wannan gida a Legas da Osogbo da garinsu. Ban ɓoye muku ba, da ɗari-ɗari na shiga, don yawancinmu da an ce gidan zane sai mu tuna gumaka. Akwai sassaƙe-sassaƙe kam, wanda ransa bai kwanta da su ba sai ya wuce. Abin da ya fi yawa zane ne na kasuwa da tashar mota da mata a bakin rafi, da waɗanda ba mutum ba dabba a cikinsu, launi ne zalla.

Cikin minti goma na gama zagaya ɗakin farko, na dawo na tarar da Binta tana nan gaban zane na biyu. Ta ce, "Ke Malama, takardar likita kike dubawa? Dawo nan." Ta tsayar da ni gaban wani zanen kasuwa, ta ce in faɗa mata ta ina rana take. Na ce ban ga rana ba. Ta ce in dubi inuwar laima. Sai ga shi kuwa, inuwar duk ta kwanta gefe guda, ta yi tsawo, wato la'asar ce sakaliya, 'yan kasuwa sun fara haɗa kaya. Ta sa na matsa har hancina ya kusa taɓa kyallen, sai mutanen suka ɓace, ba komai sai gutsattsarin fenti da aka shafa da wuƙa. Na ja da baya taku biyar, suka dawo. Na fi minti ashirin a gaban zane ɗaya, ni da ko layin banki ba na iya jurewa.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen adire, rinin Yarabawa. Iri-iri ne: akwai wanda ake ɗaure kyallen da zare kafin a tsoma, akwai wanda ake ɗinkewa, akwai kuma wanda ake zana ado da kullun rogo, da gashin kaza a madadin alƙalami. Duk inda kullun ya rufe, baba ba ya kamawa, sai an wanke adon ya fito fari a kan shuɗi. Abin da ya burge ni a matsayina na wadda ta sha wahalar darasin kimiyya shi ne, kyallen ba shuɗi yake fitowa daga tukunyar rini ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe. Haka abin yake a marinar Ƙofar Mata a Kano. Binta ta ɗaga wani zane ta shinshina, ta ce, "Warin akwatin Inna." Ban ce komai ba, ita ma ba ta ƙara ba.

A mota take ba ni labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Malamansu Turawa na koya musu zane irin na Ingila, su kuma suka ce za su karɓi dabarar, amma adon da labarin daga gida za su ɗauko. Na yi shekara biyar ina wuce sashensu a Samaru ban san da wannan ba. Na tambaye ta yaushe rabonta da burushi. Ta ce tun cikin ɗanta na fari, yau shekara tara. Aikin ofis, yara uku, sannan a gidan haya ina za ka baza fenti?

Mun ɗan tsaya a cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki, muka leƙa ɗakunan masu zane, muka yi sallar azahar, muka ci masa a kusa. A nan ne ni ma na samu abin yi wa Binta burga, na ce ta san marubucin nan da aka sa wa wurin sunansa abokin sana'ata ne? Harhaɗa magunguna ya karanta, kuma a Minna aka haife shi. Ta ce to ni ina nawa littafin.

Daga nan muka ɗauki hanyar Bwari ta Dutsen Alhaji zuwa Ushafa, ƙauyen Gbagyi da ke gindin duwatsu kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Nan ne Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000, har yau wasu na ce masa ƙauyen Clinton. A cibiyar ginin tukwane ta garin akwai masu aiki da faifan da ke juya yumɓu, akwai kuma mata masu ginin gargajiya. Na biyun ne ya tsayar da ni. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke zagaya ta a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana jan yumɓun sama tana ƙara wani. Ba ma'auni ba komai, amma bakin ya fito da'ira kamar an auna.

Binta ta ce in ciro naira ashirin in juya bayanta. Matar da ke jiki tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, ita ma a wajen gwaggonta ta koyi irin wannan gini a garin Kwali. Wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yanzu ake kira Suleja. Da ya buɗe makarantar tukwane a can, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta zagaya Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, jami'armu ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Adonta kunama ne da kada da hawainiya da kifi.

Wani abu da Binta ta faɗa ya tsaya mini a rai. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, zafin na tafiya da shi, kamar dai gumi a jikin mutum. Tukwanen da Ladi ta yi a makarantar Cardew an shafe su da sinadarin ƙyalli, an gasa su a wuta mai tsanani. Sun yi kyau, sun yi tsada, sun shiga gidajen tarihi na Turai, amma sun yi nauyi, kuma ba sa sanyaya ruwa. Ni dai ban yanke wa kaina wacce ta fi ba. Abin da zan ce a matsayina kawai, in kun sayi kwanon ƙasa mai ƙyalli a ko'ina ne, ku tambaya ko na abinci ne ko na ado, don wasu sinadaran ƙyallin na ɗauke da dalma, kuma abu mai tsami na jawo ta cikin abinci.

Wata dattijuwa cikin maginan ta ga yadda Binta ke bin hannunta da ido, ta gutsuro yumɓu ta miƙa mata. Binta ta ce, "A'a Mama, kayana za su ɓaci." Matar ta ce da Hausarta ta Gwari, ai ƙasa ce, ruwa na wanke ta. Ta naɗe hannun riga ta durƙusa. Abin da ta gina ya karkace, gefe ɗaya ya fi kauri, matan suna ta dariya, ita ma tana yi. Can na ga dariyar ta koma wani abu, tana share ido da bayan hannu, yumɓu ya ɓata mata kumatu. Ta ce randar Inna tana nan a Funtuwa, tun rasuwar ba wanda ya zuba mata ruwa.

A nan na durƙusa kusa da ita na ce, "Binta, ki yafe mini. Ban kyauta ba." Ta ce, "Na ji haushinki ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba." Ta ɗan yi shiru. "Riƙe min nan, kar ya faɗi." Na riƙe gefen tukunyar, ta ci gaba da ja.

Ba a ba mu ita ba, sai ta bushe an gasa, wai mu dawo bayan mako biyu. Na sayi ƙaramin tulu marar ƙyalli, Binta ta rungume shi a cinya har Lugbe saboda ramukan hanya. Mun shiga cunkoson magariba a daidai Dutse, ta kira maigidanta ta ce a ɗora wa yara indomi. Da za ta sauka ta leƙo ta taga ta ce, "Ranar ɗauko tukunyar ki zo da yaranki. Kuma ki biya ta kantin kayan zane ki sayo min burushi, lamba shida da lamba goma. Kar ki sayo na fentin gida."