Durban: Bin Sawun Likitan Yara

Daga filin jirgin sama na Sarki Shaka zuwa cikin Durban, gonakin rake ne a hannun dama, Tekun Indiya a hagu. Don noman raken nan Turawan Ingila suka fara kwaso ma'aikata daga Indiya a 1860, 'yan kasuwa suka biyo baya. A cikin wannan al'umma aka haifi Farfesa Hoosen Coovadia a 1940, wanda kowa ya fi sani da Jerry. Sawunsa na zo bi.

Na fara da titin Umbilo, inda makarantar koyon likitanci take maƙwabtaka da asibitin da aka daɗe ana kira King Edward VIII. Bayan karatunsa a Bombay da Birmingham, a nan ya zauna yana binciken ƙyanda, tamowa da ciwon ƙoda a jikin yaran baƙar fata. Bai raba aikin asibiti da yaƙi da wariyar launin fata ba, har aka tayar da bam a gidansa a 1989. Da ƙanjamau ta fara cika gadajen yara, sai ya mayar da hankalinsa kan yadda ƙwayar cutar ke wucewa daga uwa zuwa jariri.

A ƙasashe masu arziki an riga an yanke hukunci: uwa mai ɗauke da cutar ta bar shayarwa, ta koma madarar gwangwani. Coovadia ya ga abin da hakan ke jawowa a gidan da babu ruwan famfo, babu kuɗin madara. Yaro ya tsira daga ƙanjamau, gudawa ta ɗauke shi. A 1999 shi da abokiyar aikinsa Anna Coutsoudis suka wallafa bincike a mujallar Lancet, wanda ya nuna nono zalla bai kai gauraya shi da wani abinci haɗari ba. An yi musu ca.

Don ganin inda suka ƙara tabbatar da hujjarsu, na hau babbar hanyar N2 zuwa arewa, har Mtubatuba. Ƙasar Zulu ce mai tuddai, gidaje a warwatse, mata na ɗaukar ruwa a ka. A wannan karkara da kewayen Durban aka bi iyaye mata gida-gida, ana ƙarfafa musu gwiwa su ba da nono kaɗai har wata shida. Sakamakon ya fito a 2007: jaririn da ake haɗa masa nono da abinci mai tauri, haɗarin kamuwarsa ya ninka na mai shan nono zalla kusan sau 11. Irin wannan aiki, da gwajin ba jarirai maganin nevirapine a lokacin shayarwa, na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta a 2010: uwa ta shayar, tare da magani.

Da na dawo Durban na tsaya a babban zauren taro na birnin. A Yulin 2000 Coovadia ya shugabanci taron ƙanjamau na duniya karo na 13, na farko a Afirka, a daidai lokacin da Shugaba Thabo Mbeki ke shakkar ko ƙwayar ce ke haddasa ciwon. Masana fiye da 5,000 suka sa hannu a kan sanarwar da ta tabbatar cewa ƙwayar ce ke haddasa shi, yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, ya roƙi a ba mata masu ciki magani. Sai a 2002 Kotun Tsarin Mulki ta tilasta wa gwamnati ta ba su maganin.

Coovadia ya rasu a Oktoban 2023, amma cibiyar CAPRISA ta Salim da Quarraisha Abdool Karim, waɗanda ke ɗaukarsa malami, tana nan a harabar makarantar tana aiki. A gida Najeriya, inda har yanzu dubban jarirai ke kamuwa duk shekara, muna ɗura wa jariri ruwa saboda zafi, da kyakkyawar niyya. Muna buƙatar likitocin da za su ɗauko tambayarsu daga bakin gadon yaro, su bi ta har cikin gidan uwarsa, su kuma faɗa wa masu mulki amsar ko ba ta yi musu daɗi ba.