Keken Hunturu a Unguwar Lalle

Da sanyin safiya na tarar da wani mai faci a Unguwar Lalle, ƙasar Sabon Birnin Gobir, yana shirya keke domin hunturu. Ya wanke kaca da kananzir, ya ɗiga mata mai kaɗan, domin giris ƙura yake tarawa. Ya shimfiɗa tsohuwar roba cikin taya saboda ƙayar tsidau, ya ɗaure birki, ya kafa tocila saboda hazo.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, keke ya maido da martabarsa: shi ke kai ɗalibi makaranta, ya kai gero kasuwa. Sai dai mai faci iyakarsa keke. Tsaron hanyar Isa nauyin hukuma ne, kuma har yau mahaya kan gaggauta komawa gida tun rana ba ta faɗi ba.