Taswirar Dausayi

Mu biyar ne muka ɗauki alkawarin rubuta ƙagaggen labari guda a ƙarshen zangon karatu, dukkanmu ɗaliban Hausa da neman ilmi ya kawo kudancin ƙasar nan. Shawarar da muka yanke ita ce labarin ya faru a wata duniya dabam, wadda babu ita sai a takarda, amma mutanenta su yi Hausa. Tun ba mu zana ko layi ɗaya ba muka raɗa mata suna Dausayi, saboda kewar gida da ke cin mu.

Da muka zauna zana taswira sai abin ya gagara. Kowa ya ja alƙalami, sai Afirka ta fito, ko kuwa wani abu mai kama da ƙosai. Wani abokinmu mai nazarin duwatsu da ƙasa shi ya ba mu mafita. Ya ce tunda ƙirƙira ta ƙi, mu ari tsohuwar surar wannan duniyar tamu, ta lokacin da babu ɗan Adam ko ɗaya da zai ce ya gane ta. Ya nuna mana zamanin da masana ke kira Kiritashiyos, wanda ya fara kimanin shekara miliyan 145 da suka wuce, ya ƙare shekara miliyan 66 baya. Sunan daga kalmar Latin ta alli ya samo asali, don haka muka kira shi Zamanin Alli, muka huta da karya harshe.

A wancan zamani ne Amurka ta Kudu ta rabu da Afirka, ƙasa ta tsage ta bar kwarin da Binuwai ke bi a yau. Duniya ta yi ɗumi, teku ya cika ya hau tudu, har wani reshensa ya ratsa inda Sahara take, ya haɗa tekun arewa da na kudu. Muka shimfiɗa farar takarda a kan zanen, muka kwafe gaɓar ruwan, sa'an nan muka kifa ta, kudu ta koma sama, don kada mai karatu ya gane.

Mai karatu kam ba zai gane ba, amma mu mun gane. Ɗan Sakkwato da ke cikinmu ya daɗe yana duban shuɗin da muka shafa, can ya ɗora yatsa a tsakiyarsa ya ce, "To, ai gidanmu ke nan kuka nutsar." Muka yi dariya, shi bai yi ba. Abokin namu ya tabbatar masa cewa ba mugunta muka yi ba. A ƙasar Gwaranyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, har masana suka sa masa sunan garin a 1972, suka ce Goronyosaurus. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti kuwa a ƙarƙashin ruwan gishiri ya taru, jim kaɗan bayan Zamanin Alli. Jim kaɗan ɗin nan fa a lissafin masu duwatsu ne, waɗanda shekara miliyan ba ta cika musu ido.

Daga nan taswirar ta shiga ƙwace mana abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Babu hamada, saboda haka babu hunturu, babu ƙura, babu faso a dunduniya. Filayen ciyawa ba su bazu a duniya ba sai bayan wannan zamani da nisa, ga shi gero da dawa dangin ciyawa ne. Ashe Dausayin namu ba shi da abin da saniya za ta ci. Wace irin Hausa mutum zai yi in bai san fura ba, bai taɓa jin sanyin hunturu ba? Rabin karin maganar da muka tanada domin bakin jarumanmu ya faɗi a dare ɗaya. Biyu daga cikinmu suka ce a yage takardar a koma ƙosai.

'Yar'uwarmu ta Yawuri ce ta hana. Ta ce ita Hausar da ta tashi da ita ta ruwa ce, ta Sarkawa, kuma mu ne ba mu taɓa tambayarta ba. Ta shiga jero mana gungu da mashigi, taru da homa, da yadda masunci ke karanta fuskar ruwa kafin ya tura jirgi. Da kunya muka ɗauko littafi muna rubutawa, mu da muke taƙama da nazarin harshen. Abu guda ya gagare ta, wato hawa da saukar da teku ke yi kullum, domin Kwara ba ta yin haka. Muka kwana biyu muna gardama kafin muka amince da "numfashin teku".

Tudun da Kano da Katsina suke a kai mun mai da shi babban tsibiri, muka zuba birane bakwai a gaɓarsa. Labarin kansa har yanzu yana babi na uku. Taswirar tana manne a bangon ɗakinmu, ruwan damina ya fara cin kusurwarta ɗaya. Wata safiya muka tarar da ɗan ɗigon biro a tsakiyar shuɗin, daidai inda yatsan nan ya sauka. Ba wanda ya amsa shi ya yi. Abokinmu mai duwatsu ya ce babu hujjar tsibiri a wurin. Mun bar shi, mun rubuta Gungun Gardama a ƙarƙashinsa.