Madubin Gefe

Mu uku ne a ɗakinmu, kuma ba mu taɓa haɗa kuɗi mun sayi abu ɗaya ba sai a ƙarshen 2023. Babbanmu malamin firamare ne, ta tsakiya tana ɗinki a cikin gida, autanmu yana gyaran waya a bakin kasuwa. Abin da ya haɗa aljihunmu kwamfutar wasa ce mai allo uku, kuma wanda aka saya dominsa dattijo ne ɗan shekara 64 da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Baba direban tirela ne. Shekara 31 ya yi tsakanin Kano da Legas da wata DAF, ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, ya haye gadar Jebba, ya bi Ilorin da Ibadan har Apapa. Mun haddace sunayen garuruwan nan tun kafin mu iya karanta taswira, domin kowanne da irin tsarabarsa. A 2022 hawan jini ya kayar da shi yana alwala, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan watanni ana kai shi gashi ya soma takawa da sanda, bakinsa ma ya dawo, amma hirarsa ba ta dawo ba. Mutumin da in ya buɗe labarin hanya sai tuwo ya huce, ya koma zaman tabarma a zaure. In ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Wata rana da daddare auta yana buga Euro Truck Simulator 2 a tsohuwar laftof ɗinsa. Wasa ne da wani kamfanin ƙasar Czech mai suna SCS Software ya fitar a 2012, ba a harbi, ba a tsere, lodi kawai kake ɗauka daga wannan gari ka kai wancan. Ƙarar injin ce ta jawo Baba. Ya tsaya a bayan auta yana dogare da sanda, ya kalli yadda yake shan kwana, sai muka ji ya ce, "Kai, ka taka bakin kwalta da tayar baya. Ina madubinka na gefe?"

Auta ya ce, "Baba, sai na danna nan kafin in gan shi."

Baba ya ce, "Motar da sai an roƙe ta kafin ta nuna madubi ai ba mota ba ce." Ya juya ya koma zaure. Jimla mafi tsawo ke nan da muka ji daga bakinsa a wannan makon, kuma a daren nan muka yi shawara.

Allo ɗaya gilashin gaba kawai yake nuna maka. In ka jera uku, ka karkato na gefe biyun su fuskance ka, sai tagar dama da ta hagu su bayyana tare da madubansu, ka riƙa juya wuya kamar yadda direba yake yi. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin AMD ya fito da tasa mai suna Eyefinity a 2009, Nvidia ta biyo da Surround a 2010. Duk biyun aikinsu ɗaya: su sa wasan ya ɗauki allo ukun a matsayin allo guda mai faɗi.

Da muka kai wa Umma maganar, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Kuɗinku ne. Amma ku tuna maganinsa duk wata ake saye, kuma buhun shinkafa ba ya jiran kowa." Gaskiya ta faɗa. Shekarar ce aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni, kayan kwamfuta kuwa da dala ake shigo da su. Farashin da aka faɗa maka ranar Litinin ba shi za ka tarar ranar Alhamis ba. Ta tsakiya ta sa kwasar adashinta, wadda ta yi niyyar sayen sabon keken ɗinki da ita. Saboda haka muka yi wa kanmu doka: duk abin da za a saya, sai mai son sayen ya bayyana wa sauran biyun amfaninsa ga Baba. In ya kasa, an soke.

Da lissafi muka fara. Hoton allo ƙananan ɗigo-ɗigo ne. Allo mai 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Uku sun zama 5760 da 1080, wato ɗigo 6,220,800, kuma dole kwamfutar ta sake zana su kaf sau 60 a kowace daƙiƙa in ana son hoton ya tafi ba tare da tsinkewa ba. Auta ya so allo masu 2560 da 1440, ya ce sun fi kaifi. Da muka ninka, ukun sun haura ɗigo miliyan 11, sun ma zarce na talabijin mai 4K da ke da kusan miliyan 8.3. Wannan lodi ne da sai katin hoto mai tsadar gaske. Babbanmu ya tambaye shi ko idon Baba, da tabarau, zai bambance. Auta ya yi shiru. Haka ma maganar allo masu sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ta mutu. Masu wasan harbi ne suke buƙatarsu. Tirela mai ɗauke da lodi ba ta gaggawa.

Abin da ba mu yarda mu rage ba a allon shi ne irinsa. Masu arha da ake kira TN launinsu yana dusashewa in ka kalle su ta gefe, mu kuwa biyu cikin ukun ta gefe za a riƙa kallonsu. Sai muka tsaya kan IPS, inci 24, masu siririn baki, domin bakin allo biyu in sun haɗu su ne ke zama kamar ginshiƙi a tsakiyar hoto. Kuma dole ukun su zama samfuri ɗaya. A nan muka yi kuskurenmu na farko. Wani mai shago yana da biyu iri ɗaya, na ukun daban, ya rantse mana babu bambanci. Muka kawo gida muka jera, sai ga na ukun ya fi sauran tsayi da kusan yatsa guda, farinsa kuma ya ja zuwa shuɗi. Mako biyu muna zarya kafin ya karɓa, da ragi. Araha ba ta ado, mun sani, amma sai da muka biya kuɗin makaranta.

Rigimar da ta fi zafi a kan katin hoto aka yi, domin shi ne injin motar, kuma shi ya cinye kaso mafi girma na kuɗin. Biyu ne a gabanmu. RTX 3060, wanda ya fito a 2021, yana da ma'ajiyar hoto gigabait 12, ana samun na hannu da sauƙi. RTX 4060 kuwa a watan Yunin 2023 ya fito, gigabait 8 ne da shi, sabo a kwali, ya fi tsada. Auta ya kafe kan na farko, ya ce allo uku suna cin ma'ajiya, kuma wasannin da ke tafe za su fi ci. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Sai dai shi da kansa ya gaya mana dalilin da ya sa na hannun suka cika kasuwa: masu haƙar kuɗin intanet sun yi ta aiki da irin waɗannan katuna dare da rana, da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022 sai da yawansu suka zubo su kasuwa. Wani katin lafiyarsa lau, wani fankarsa ta gaji, kuma ba ka iya ganewa da ido.

Muna wannan gardama a tsakar gida, ba mu san Baba yana ji ba. Daga zaure ya ce, "In za ku sayi injin hannu, kada ku tambayi shekarunsa. Ku tambayi lodin da ya ja." Babu mai shagon da zai iya amsa mana wannan tambayar.

Amma abin da ya yanke hukunci wuta ce. 3060 yana jan wat 170, 4060 yana jan 115. Bambancin wat 55 ne, allo ɗaya kuwa wajen wat 25 yake ci, ka ga bambancin ya kai cin allo biyu. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wannan ba abin magana ba ne. A unguwarmu, inda rabin tuƙin Baba a kan batir da inbata zai kasance, wat 55 mintoci ne na zama a kujera. Kuma duk wat ɗin da na'ura ta ci zafi yake zama a ɗaki, ga Kano a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Ta tsakiya, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta ce, "Ni ban san gigabait ba. Na dai san wanda zai sayi man janareto." Aka sayi 4060.

Sauran kayan ba su ja dogon zance ba. Furosesa muka ɗauki Ryzen 5 5600 mai ƙwaƙwalwa shida, wanda aka ƙiyasta zafinsa a wat 65, muka ɗora shi a madabod B550. Ba sabon yayi ba ne, shi ya sa shi da ram ɗinsa na DDR4 suka yi sauƙi. Ram gigabait 16, sanda biyu masu takwas-takwas maimakon guda ɗaya mai 16, domin furosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci ɗaya in an sa su biyu. Ma'ajiya SSD, saboda kada dattijo ya zauna yana jiran gari ya buɗe. Fankar da ta zo da furosesar muka ajiye, muka sa babba. Akwatin da za a zuba kayan kuwa auta ya so mai gilashi da fitilu masu canja launi. Dokarmu ta kama shi. Muka ɗauki mai raga a gaba da tacin ƙura da ake zarewa a wanke, domin wanda ya san hunturu ya san abin da zai tarar a ciki bayan wata biyu.

A wurin na'urar da ke raba wa kayan wuta ne babbanmu ya so a yi tsimi, tunda ba ta ƙara wa hoto kyau. Auta, wanda kullum yake ganin abin da cajar banza take yi wa wayoyin mutane, ya ƙi. Nvidia ta ce wat 550 ya isa wa katin. Muka sayi mai 650 na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus, wato aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja yana isa ga kayan, ba ya tafiya a zafi. Muka haɗa da sitabilaiza. Wannan karon auta ne ya yi nasara, kuma mun gode masa ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ƙwan fitila biyu a gidan, kwamfutar ko gezau.

Kuskure na biyu namu ne mu kaɗai. Sai da aka haɗa komai muka leƙa bayan katin, muka ga ramin HDMI ɗaya ne tal, sauran ukun DisplayPort ne, allonmu kuwa HDMI da VGA kawai suke da su. Daren da muka sa za mu nuna wa Baba ya wuce muna kallon allo ɗaya a kunne, biyu a mace. Washegari aka nemo wayoyi biyu masu kan DisplayPort a gefe ɗaya, HDMI a ɗayan. Duk mai niyyar allo uku, ya ƙirga ramukan kafin ya ƙirga kuɗin.

Sitiyarin shi kaɗai muka saya na hannu, Logitech G29, mai juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi, da totur da birki da kuloci. Muka mayar da giyar wasan ta zama mai canja kanta, tunda ƙafar hagu da hannun hagu ba za su yi aiki ba, muka rage ƙarfin sitiyarin yadda hannu ɗaya zai iya da shi. Kafintan layinmu ya buga tebur mai faɗin da zai ɗauki allo ukun, kowanne wajen santimita 54.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zaunar da shi. Mun zaɓa masa DAF. Bai taɓa totur ba sai da ya yi bisimilla, ya juya wuya dama, ya juya hagu a hankali, ya ce wa auta madubin hagun ya yi sama, a sauke shi. Sannan ya tashi motar. Umma tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

Ba za mu ce kwamfuta ta warkar da shi ba. Hannun yana nan yadda yake, magani ana saye duk wata, keken ɗinkin ma sai bayan shekara aka saya. Abin da ya dawo shi ne ƙorafi. Ya ce hanyoyin Turai babu rami, babu shanu, wannan ai ba tuƙi ba ne, hutu ne. Da lodi ya kai shi Ingila ya ga ana bin hagu, sai ya ba mu labarin yadda Najeriya ta koma hannun dama a 1972, yana yaro, da yadda direbobin tashar garinsu suka yi ta rikicewa, labarin da ba mu taɓa ji ba. Ba ya wuce ƙa'idar gudu ko da wasa, kuma in an kira salla sai ya nemi wurin ajiye motoci ya faka daidai, ya ja birkin hannu, kafin ya nemi sandarsa. Auta ya sha gaya masa akwai maɓallin dakatar da wasan. Baba ya ce ba a barin mota a tsakiyar titi.

Auta yana samun kwamfutar bayan isha'i, yana buga wasanninsa a allon tsakiya, har yanzu yana mita kan gigabait huɗun da muka hana shi. Da safe kuwa sai ya mayar da kujerar inda take, domin mai motar yana ganewa in an taɓa masa ita.